Rashin aikin yi, tallafi da gardamar jari-hujja da gurguzu a Najeriya

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sanar da cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 cikin 100 ne a watanni ukun farko na shekarar. Adadin da aka sani kafin nan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. Sanarwar ta zo wata uku bayan Shugaba Bola Tinubu ya furta a jawabinsa na rantsuwa, ranar 29 ga Mayu, cewa tallafin mai ya ƙare. A tsakanin nan litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600, kuɗin mota da na abinci suka bi bayanta. Don haka da yawa daga masu sauraro suka ɗauki sabon lissafin a matsayin wasa da hankali.

Tun daga lokacin wata tsohuwar gardama ta farfaɗo a gidajen rediyo da majalisun unguwa da Facebook. Wasu na cewa jari-hujja ne ya jefa talaka cikin wannan hali, kuma mafita ita ce gwamnati ta koma ta riƙe farashi da masana'antu. Wasu na cewa tsoma hannun gwamnati a kasuwa ne ya tsiyata ƙasar tun farko. Abubuwa uku ake cakuɗawa a wannan magana: yadda ake ƙirga marar aiki, abin da ake nufi da jari-hujja da gurguzu, da kuma irin kariyar da ake ba mutum idan samunsa ya yanke.

Wane ne marar aikin yi?

Daga 33.3 zuwa 4.1 ba ayyuka aka samar ba, ma'aunin aka sauya. A tsohon tsari, duk mai shekara 15 zuwa 64 da ya yi aikin da bai kai awa 20 a mako ba, marar aiki ake lissafa shi. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aiki ko da na awa ɗaya cikin kwana bakwai don a biya shi ko don ya ci riba, mai aiki ne. Kafin a kira mutum marar aiki sai ya cika sharuɗɗa uku: bai yi aikin komai ba, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Matashin da ya gama digiri da bautar ƙasa, yana zaune gidan mahaifinsa yana sayar wa abokai data ta waya, a wannan ma'auni ba ya cikin marasa aiki.

Ma'aunin bai yi ƙarya ba, sai dai an ƙera shi ne don ƙasashen da mafi yawan jama'a ke aikin albashi, inda wanda aka sallama ke da abin da zai ci har ya samu wani. A inda babu wannan, talaka ba shi da halin zama. Ko dako, ko ga-ruwa, ko tallar ruwan leda, dole ya fita da safe. Shi ya sa alƙaluman hukumar da kansu suka nuna rashin aiki ya fi yawa tsakanin masu ilimin gaba da sakandare fiye da waɗanda ba su yi boko ba: mai takarda ne ke iya jira, saboda akwai wanda ke ciyar da shi.

Adadin da ya fi bayyana halin ƙasar yana cikin rahoton guda. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna sana'o'in da ba su da rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutun jinya. Masu karɓar albashi ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin takwas ba. A Nuwamban 2022 kuma hukumar ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aiki, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke.

A ɗauki ɗan adaidaita sahu a Kano wanda keken ba nasa ba ne. Da asuba yake fita, ya sayi mai da kuɗinsa, da yamma ya kai wa mai keke balas, abin da ya rage shi ne cefanen gobe. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana uku, babu shiga, ga kuɗin magani, kuma mai keke na iya miƙa makulli ga wani. A takarda wannan mutum mai aiki ne, kuma da gaske yana aiki, wataƙila awa goma sha biyu a rana. Damuwarsa ita ce aikin ba ya fitar da shi, kuma babu abin da ke tare shi idan ya faɗi.

Kalmomin da ake jifa da su

Jari-hujja tsari ne da gonaki da masana'antu da bankuna ke hannun ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni, kasuwa ke yanke farashi, riba kuma ke jan mai kuɗi ya zuba jari. Gurguzu kuwa, a ma'anarsa ta asali, shi ne manyan hanyoyin samar da dukiya su zama mallakin jama'a, galibi ta hannun gwamnati, a tsara abin da za a samar da yadda za a raba. Hausa na amfani da kalmar gurguzu ga tsarin tsohuwar Tarayyar Sobiyet mai jam'iyya ɗaya, tana kuma amfani da ita ga jam'iyyun ma'aikata na Turai masu shiga zaɓe da barin kasuwa ta ci. Wannan kaɗai kan sa mutum biyu su yi awa guda suna musu alhali ba abu ɗaya suke nufi ba.

Abu na uku, kariyar da ake ba marar galihu, daban yake da duka biyun. Iri biyu ce. Akwai ta inshora, wadda ma'aikaci da mai ɗaukarsa ke tara kuɗi wata-wata don ranar tsufa ko ciwo ko sallama. Akwai ta tallafi, wadda ake biya daga haraji ga wanda aka tabbatar mabuƙaci ne, ko da bai taɓa zuba ko kwabo ba. Wanda ya fara kafa irin ta farko a matakin ƙasa shi ne Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus: inshorar lafiya a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, fanshon tsufa a 1889. Mutumin abokin gabar 'yan gurguzu ne, kuma daga cikin dalilansa akwai janye ma'aikata daga gare su. Birtaniya ta soma inshorar rashin aiki a 1911, Amurka a 1935 bayan karyewar tattalin arzikinta. Duk ƙasashen jari-hujja ne. Saboda haka kiran kowane tallafi gurguzu kuskure ne, haka ma zaton cewa jari-hujja na nufin kowa tasa ta fisshe shi.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Sashe na 16 ya amince kowa ya yi sana'arsa, ya kuma ɗora wa gwamnati hana dukiya taruwa a hannun 'yan tsiraru, da samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da abinci da albashin da za a iya rayuwa da shi da fansho da tallafin rashin aiki da na jinya. Amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke wannan babi. Alƙawari ne rubutacce da babu inda za a kai ƙararsa.

Ƙasar ta ɗanɗana duka biyun

Kasuwanci mai zaman kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatake da dillalai da masu rini na Kano sun riga Turawa, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiyarsa ne a cinikin goro da gyaɗa. Hannun hukuma ma ba baƙo ba ne. A shekarun 1940 hukumomin sayen amfanin gona suka fara yanke farashin gyaɗa da auduga ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a zuba ta a ayyukan raya ƙasa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta fito ne daga haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin Ingila. Wato manomi ne ya biya kuɗin masana'antun farko, ba tare da an tambaye shi ba.

Ra'ayin da ya fi kusa da gurguzu a siyasar Arewa shi ne na jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, da magajiyarta PRP ta Malam Aminu Kano. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da talakan karkara ya ji a jikinsa nan take. Ba su ƙwace masana'antar kowa ba, ba su ma da ikon yin haka, kuma majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Abin da ya rage a zukatan mutane daga wancan zamani shi ne mutuncin talaka a gaban hukuma, fiye da wani tsarin mallakar dukiya.

A matakin tarayya, kuɗin man shekarun 1970 ya sa gwamnati ta zama babbar 'yar kasuwa. Dokokin 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin waje sayar da hannun jari ga 'yan ƙasa. Aka soma ilimin firamare kyauta a 1976, aka kafa kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna, aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, aka fara ginin masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da taimakon Sobiyet. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai ga tsuke bakin aljihu, da sallamar ma'aikata, da dogon layin sayen madara da sabulu.

Daga nan aka juya. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, jama'a suka ƙi, amma a 1986 ya ƙaddamar da shirin sake fasalin tattalin arziki, SAP, mai ɗauke da kusan dukkan sharuɗɗan asusun: karya darajar naira, rushe hukumomin sayen amfanin gona, rage tallafi, cefanar da kamfanonin gwamnati. Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne kwamitin siyasa da shi Babangidan ya kafa, wanda ya zagaya ƙasa yana jin ra'ayi, ya ba da shawara a 1987 cewa a rungumi gurguzu. Gwamnati ta yi watsi da wannan shawara. A Mayun 1989 aka yi tarzomar ƙin SAP a birane da dama.

Abin da ya biyo baya kowa a unguwannin masana'antu na Kakuri a Kaduna da Bompai da Sharaɗa a Kano ya san shi. Tsadar kayan gyara bayan faɗuwar naira, rashin wuta, buɗe ƙofa ga yadin waje a ƙarshen shekarun 1990 da fasa-ƙwauri suka haɗu suka durƙusar da masaƙu. Ta Kaduna ta rufe a 2002. Dubban mutanen da ke da albashi da ƙungiya da asibitin ma'aikata suka koma acaɓa da ƙananan sana'o'i, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan kasuwa suna da misalai masu ƙarfi. A 2022 tallafin mai ya ci sama da naira tiriliyan 4, fiye da kasafin ilimi da na lafiya na tarayya a haɗe, a shekarar da Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa biyan bashi ya lashe kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wanda ya fi shan mai shi ya fi cin tallafin, wato mai motoci da janareta, sai kuma masu tsallaka shi zuwa Nijar da Benin da Kamaru. Suna kawo misalin waya: a hannun NITEL, kamfanin waya na gwamnati, layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, amma bayan an ba MTN da Econet lasisi a 2001, waya ta shiga kowane ƙauye, ta kuma haifar da sana'o'in da ba a san su ba, daga mai caji zuwa ɗan POS. Suna nuna Ajaokuta da har yau ba ta kammalu ba, da matatun gwamnati da suka shafe shekaru ana gyara, sannan su nuna matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana da ɗan kasuwa ya gina. A ganinsu aikin yi na fitowa ne daga jari, jari kuma ba ya zuwa inda gwamnati ke yanke farashi da dala.

Ɗaya ɓangaren, wanda ƙungiyoyin ƙwadago da malaman jami'a da dama ke ciki, shi ma ba da hannu wofi ya zo ba. An sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, kuɗin wuta ya yi ta hawa, wutar kuma ba ta wadata ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2019 ya haura dala 80. Na 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai kai dala 50 ba. Hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100 a Disamban 2024. Suna kuma tunatar da cewa manyan masu kuɗin ƙasar ba a kasuwa sake suka girma ba: masana'antar siminti ta bunƙasa ne bayan manufar 2002 da ta taƙaita shigo da shi daga waje. Idan gwamnati na iya kare mai masana'anta, in ji su, me zai hana ta kare lebura?

Hujjarsu mafi nauyi game da man fetur ita ce wannan: duk da ɓarnar da ke cikinsa, arhar mai ce kaɗai tallafin da ke isa ga kowa ba tare da jerin sunaye ba, ba tare da sanin kansila ba. Mai ƙosai ba ta da mota, amma wakenta da mota ake kawo shi, injin markaɗe kuma da fetur yake aiki.

Kowane ɓangare yana da inda ya yi rauni. Masu kasuwa kan yi shiru kan tsawon lokacin da ke tsakanin cire tallafi da zuwan ayyukan da suke alƙawari, alhali a wannan tsakanin ne ake cire yaro daga makaranta, a sayar da akuya, a rage cin abinci daga uku zuwa ɗaya. Masu son hannun gwamnati kuma ba su cika amsa tambayar da tarihi ke yi musu ba: hukumar da ta kasa tafiyar da matata huɗu, da wace dabara za ta tafiyar da sauran?

Darasin wasu ƙasashe

Misalan waje ba su ba kowa cikakkiyar nasara ba. Tanzaniya a ƙarƙashin Shugaba Nyerere, bayan sanarwar Arusha ta 1967 da ta ɗora ƙasar kan gurguzu, ta yaɗa karatu da asibitocin karkara, amma tara manoma a ƙauyukan haɗin gwiwa ya raunana noma, har ƙasar ta nemi IMF a 1986. Sin ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga matsanancin talauci, amma bayan gyaran 1978 ne da ya buɗe kasuwa, yayin da bankuna da filaye suka ci gaba da zama a hannun gwamnati. Denmark, wadda ake yawan kira ta gurguzu, kamfanoninta na 'yan kasuwa ne. Abin da ya bambanta ta shi ne harajin da ya haura kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa. Na Najeriya a 2021 bai kai kashi 11 ba. Wannan tazara ita ke iyakance duk wani buri na tallafi, ko wace aƙida ke mulki.

Waɗanda suka fi kama da halin Najeriya su ne ƙasashen da suka gina kariya ga marasa albashi. Brazil ta soma Bolsa Família a 2003, tana biyan iyalai matalauta, galibi ta hannun uwa, bisa sharaɗin yara su je makaranta da rigakafi, shirin kuma a shekarunsa na farko ya ci kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa. Indiya ta yi dokar 2005 da ta ba kowane gida a karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara. Indonesiya da ta rage tallafin mai a 2005 ta haɗa shi da biyan kuɗi ga gidaje sama da miliyan 15 a lokaci guda. Afirka ta Kudu kuma gargaɗi ce ta wata fuskar: tana biyan tallafi ga miliyoyin tsofaffi da yara, amma rashin aiki ya haura kashi 30 cikin 100. Tallafi na hana yunwa, ba ya buɗe masana'anta.

Abin da ke ƙasa yanzu

Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki. Mafi kusa da ita shi ne damar da dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki ya kuma shafe wata huɗu bai samu wani ba, ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Wannan kuɗinsa ne da ma, kuma sai mai asusun fansho. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka yaron shago da malamar ƙaramar makarantar kuɗi da mai gadi ba su cikinta.

Shirye-shiryen tallafi kuwa sun yi yawa, sai dai ba sa daɗewa. An yi hukumar samar da ayyuka ta NDE a zamanin Babangida, asusun rarar kuɗin mai na PTF a zamanin Abacha, shirin SURE-P bayan zanga-zangar ƙin cire tallafin mai ta Janairun 2012. Gwamnatin Buhari ta kawo shirin ɗaukar matasa aiki na N-Power a 2016 da alawus na naira 30,000, da ciyar da 'yan firamare, da bashin ƙananan 'yan kasuwa na TraderMoni, da biyan naira 5,000 a wata ga gidaje matalauta, wanda aka tallafa da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Switzerland ta maido. Bayan cire tallafin mai an fara sanar da naira 8,000 a wata ga gidaje miliyan 12, aka janye bayan suka, sannan a Oktoban 2023 aka ƙaddamar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, da taimakon bashin dala miliyan 800 na Bankin Duniya. Idan aka lissafa, duka kuɗin ya kama naira tiriliyan 1.125, kusan rubu'in tallafin man 2022. Abin da gida ɗaya zai samu, naira 75,000, bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a ƙarshen 2024.

Ko wannan ɗin bai tafi sumul ba. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku kan rajistar matalauta a Yulin 2023. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin-ƙai, Betta Edu, kan umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata na ƙashin kanta, aka kuma tsayar da shirye-shiryen baki ɗaya. Da aka dawo, sai aka sa sharaɗin lambar NIN da asusun banki ko na waya. Sharaɗin na toshe sunayen bogi, amma yana iya tankaɗe ainihin mabuƙata: tsohuwar da ke ƙauyen da babu banki, da wanda 'yan bindiga suka kora ya bar komai.

A zahiri kariyar da mafi yawan mutane suka dogara da ita ba ta gwamnati ba ce. Dangi ne, da adashi, da gudummawar biki da ta rasuwa, da gayya, da zakkar da attajiri ke fitarwa ko wadda hukumomi irin na Kano da Sakkwato ke tarawa, da ɗan da ya tafi ci-rani Legas yana aiko da na cefane. Wannan tsari yana aiki sosai idan masifa ta faɗa wa gida ɗaya. Idan ta faɗa wa gari gaba ɗaya, kamar tsadar abinci ko ambaliya ko hari, mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama mabuƙata a rana ɗaya, uwar adashi kuma ta rasa wanda zai yi zubi.

Yadda abin zai shafi mutane

Ga mai albashi, abin lura shi ne tsere tsakanin albashi da farashi. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027. Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafi, don haka tambayar inda kuɗin ya tafi ta fi dacewa da gidan gwamnatin jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma fiye da yadda ake yi mata yanzu.

Ga mai sana'ar hannu a birni, ƙarin albashi ba ya isa gare shi sai ta hanyar ciniki. Abin da zai taɓa shi kai tsaye shi ne kuɗin sufuri, da wuta, da asibiti. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, kuma rashin lafiya ɗaya na iya cinye jarin shekara goma. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Yawan mutanen da aka sa a ciki shi zai nuna ko dokar ta sauka daga takarda.

Manomi ne ya fi nuna yadda zaɓin ke da wuya. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da bashin noma na Babban Banki da aka fara a Kebbi a 2015, sun ɗaga noman shinkafa, amma mai saye a birni ya biya tsada, kuma kaso mai yawa na bashin bai dawo ba. A Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko, magidanci a birni ya ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada kuma ya tarar amfanin gonarsa ba zai maido masa da abin da ya kashe ba. Mataki ɗaya ne, ya sauƙaƙa wa talakan Fagge a birnin Kano, ya ƙuntata wa talakan Ɗandume mai noma, kuma manoma da dama sun riga sun fara lissafin ko za su rage masara su koma waken suya da gero, waɗanda ba sa cin taki da yawa.